TSOFAFFINMU MASU TAƁIN HANKALI: WA ZAI SAURARE SU?

Wannan shi ne jawabin da Magatakardan Jam'iyyarmu na ƙasar Gumel ya karanta a gaban wakilan rassanmu huɗu, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Wakilai sun roƙa a buga shi duka don a karanta wa waɗanda ba su sami zuwa ba.



Mun sani da yawanku kun taso tun da asuba da zaton yau za a yi maganar taki da tsadar hatsi da hanyoyin da damina ta cinye. Za a yi ta, ba mu manta ba. Amma Kwamiti ya umurce mu mu fara gabatar da kukan waɗansu mutane da ba su taɓa zuwa taron siyasa ba. Ba su da ƙungiya, ba su da wakili, ba mai zuwa neman ƙuri'arsu. Ko da an tara su a nan an ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa, yawancinsu ba za su iya jera maganar ba, gama ciwon da ke jikinsu ya kama har bakin. Watau tsofaffinmu maza da mata waɗanda suka tsufa da taɓin hankali.

ABIN DA MUKA GANI

Ga yadda maganar ta taso. Sa'ad da muka zaga gida gida muna rubuta sunayen 'yan Jam'iyya, mu kan tambayi maigida baligai nawa ne a gidansa. Sau da yawa sai a ƙidaya mana, mu rubuta, muna shirin tashi sai mu ji tari daga wani ɗaki can ƙurya. In mun ce, "Wancan fa?" sai a ce, "A'a, Malam, bar shi, Baba ne, ba shi da lafiya." Ba a sa shi cikin lissafi ba. Mun ji wannan amsa a ƙasar Gagarawa, mun ji ta a Sule Tankarkar, mun ji ta cikin garin Gumel kansa, har muka ga ba daidai ba ne mu yi shiru.

Za mu ba ku labarin biyu daga cikinsu, ba suna ba gari, saboda mutuncin gidajensu.

Na farko dattijo ne, ya ba saba'in baya. Ciwon ya same shi yana saurayi, bai daɗe da auren fari ba. A lokacin, in ji ƙanensa, sai ƙarti huɗu su ke iya riƙe shi. Yana jin muryoyin da ba mai ji sai shi, yana cewa an zuba masa guba a tuwo. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, daga baya aka kai shi asibiti a Kano. Ya lafa, ya koma gona, ya yi shekaru yana noma gero da wake kamar kowa, sai dai jefi-jefi abin ya motsa. Yanzu duk wannan hargowa ta wuce, abin da ya rage shi ne shiru. In ka gaishe shi sai ka ƙirga goma kafin ya ce, "Lafiya." In ka ce ya ci abinci, sai ya ce, "I." In ka ce bai ci ba, nan ma ya ce, "I." Bara ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, bai gaya wa kowa ba. Sai da wurin ya ruɓe, ƙuda suka taru, sa'an nan jikarsa ta gani. Da muka tambayi 'ya'yansa suka ce, "Ai shi ba ya son magana." Jama'a, ba ƙin magana ya ke yi ba, ciwon ne ya ƙwace masa ita.

Ta biyu tsohuwa ce a ƙasar Maigatari. Da can tana dama fura ran Alhamis, ranar da kasuwa ke ci, har fataken shanu daga Damagaram sun san ƙwaryarta. Ita nata ciwon bai rufe mata baki ba, zaren maganar ya tsinke. Ka tambaye ta kuɗin fura, ta fara da kuɗin, ta faɗa kan rijiyar gidan ubanta, daga nan ta koma kan wani raƙumi da ya ɓace tun tana budurwa, ba kuwa za ta dawo kan tambayarka ba. Marasa tsoron Allah suka gane, suka riƙa cutarta wajen canji har jari ya karye. Yara suka sa mata waƙa. Da wani jariri ya rasu a maƙwabta sai aka fara raɗe-raɗi wai mayya ce, don an ji ta ambaci sunansa cikin surutanta. Ba don mai unguwa ya tsaya tsayin daka ba, da abin ya yi muni.

WANE CIWO NE WANNAN?

Mu a Hausa kusan duk suna ɗaya mu ke ba su, watau hauka. Mai farfaɗiya da mai shaye-shaye da wanda baƙin ciki ya kwantar da mai gigin tsufa, duk mun zuba su kwando guda. Likitoci kuwa sun rarrabe su. Wanda mu ke magana a kansa yau shi ne wanda wani likitan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya raɗa wa suna sikizofiriniya a 1908. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Mai shi ya kan ji muryoyi, ya kan kafe kan wani zato da ba ya kankaruwa kome hujjar da aka kawo masa, tunaninsa ya kan wargaje, sha'awar aiki da ta mutane ta mutu. Namiji ya fi kama shi tsakanin balaga da shekara talatin. Mace ya kan ɗan jinkirta mata, har akwai matan da sai sun haura arba'in ya ke bayyana. Gado yana da hannu a ciki, tabar wiwi kuma tana ingiza shi ga samari.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 24 ke fama da shi, watau ɗaya cikin 300. Ba ya zaɓen Bature ko baƙin mutum, ba ya zaɓen gidan sarki ko na talaka. Kowa ya ɗauki garinsu ya yi lissafi: in ku dubu uku ne, to, ku nemi wajen goma.

Ba mu zo yin jayayya da malamanmu kan iska da sammu ba. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya karye a kan yi masa addu'a, a kuma kira maɗori.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne yadda ciwon ke sauya kama in shekaru sun ja. Ga mutane da yawa muryoyin nan da zarge-zargen nan su kan yi sauƙi da tsufa. Shi ya sa iyali su kan ce, "Alhamdu lillahi, Baba ya warke, ba ya faɗa kuma." Amma akwai abin da ba ya tafiya, wani lokaci ma ƙaruwa ya ke yi: nauyin tunani, da janye jiki daga mutane, da matsalar magana. Matsalar maganar nan iri biyu ce, kun kuwa ji misalinsu. Akwai ƙarancin magana irin na dattijon nan, akwai tsinkewar magana irin ta mai fura. Masu bincike sun daɗe da gano cewa iya riƙe kai na yau da kullum, watau wanka da cin abinci da ciniki da shan magani da zama da mutane, ya fi rataya a kan waɗannan abubuwa masu shiru fiye da kan muryoyi. Mai ƙarancin magana abokai ya ke rasawa. Mai tsinkakkiyar magana kuwa a kan ɗauke shi marar ladabi ko abin dariya, a guje shi.

YADDA RASHIN MAGANA KE CIN RAYUWA

Ku duba zamanmu na ƙasar nan, me a ke yi ba da baki ba? Gaisuwa ita ce ƙofar kome. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa. Wanda aka gaishe shi sau uku bai amsa yadda aka saba ba, ran huɗu ba a gaishe shi. Daga nan ba a kiransa suna, ba a aika masa goron ɗaurin aure, ba a ba shi wuri a majalisar dattawa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa ta ke, amma in ƙafa ta kai ka, baki ne ke ƙarasa aikin.

A kasuwa sai da tayi da albarka. Wanda ba zai iya cewa "Ban sallama ba" a kan lokaci ba, an saye akuyarsa rabin kuɗi kafin ya haɗa kalmar.

A asibiti abin ya fi tsanani. Layi ya yi tsawo, ma'aikaci ɗaya ne, ya ɗaga kai ya ce, "Baba, me ke damunka?" Baba ya yi shiru, ko ya ce, "Ba kome." A rubuta masa maganin zazzaɓi, a ce na gaba ya shigo. Ga shi kuwa hawan jini ko ciwon sukari ko tarin fuka na cinsa. Masu irin wannan ciwo su kan riga tsararrakinsu mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma yawanci cututtukan jiki ne ke kashe su, irin waɗanda a ke iya tarewa da an gano su da wuri. Ciwon da ba a faɗa ba, wa zai yi maganinsa?

Sa'an nan ga maganar gona da gado. Sau nawa muka ji an ci iyakar gonar irin waɗannan tsofaffi, ko an raba gado an tsallake su, don an san ba za su iya tsayawa gaban dagaci ko alƙali su jera hujja ba? Malamai suna nan zaune, su gyara mana in mun yi kuskure: Shari'a ta ɗauke wa marar hankali nauyi, amma ba ta ɗauke masa haƙƙi ba. Rabonsa nasa ne, a kan naɗa masa waliyyi ya tsare masa dukiya, ya ciyar da shi daga cikinta. Wanda ya ci, amana ya ci.

ABUBUWAN DA KE ƘARA WA BORNO DAWAKI

Ba dukan shirun tsoho ne ciwon ya kawo ba. Akwai waɗansu abubuwa da ke hawa kai, kuma yawancinsu suna da magani.

Na ɗaya, kunne da haƙora da ido. Tsohon da ba ya ji sosai ba zai amsa ba, kurumta kuma tana ƙara zargi, gama wanda ya ga a na motsa baki bai ji abin da a ke faɗa ba sai ya zaci da shi a ke. Wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe. Wanda haƙoransa suka zube, ko yanar ido ta rufe masa gani, shi ma sai ya ja da baya.

Na biyu, maganin kansa. A 1952 likitoci a Faris suka fara amfani da maganin da a ke sayarwa da sunan Largactil, daga baya aka sami haloperidol da sauransu. Waɗannan magunguna sun kwance mutane da yawa daga turu, ba mai musun wannan. Amma suna da nasu nauyi: rawar hannu, sandarewar jiki, bushewar baki, yawan barci. Wanda ya daɗe yana sha, bakinsa da harshensa su kan riƙa motsi kamar mai tauna goro, maganarsa ta daina fita sosai, tsofaffi kuwa sun fi kamuwa da wannan. Awon da ya dace da saurayi mai shekara 25 ya yi wa ɗan shekara 70 yawa. Mun tarar da gidajen da har yau a ke saye da tsohuwar takardar da aka rubuta tun shekaru aru-aru, ba wanda ya sake duba mai ciwon. Kada wanda ya fita daga nan ya tsai da maganin tsohonsa da kansa, gama ciwon zai iya dawowa. A koma wurin likita ya duba awon. Ku kuma kula da bazara: magungunan nan suna rage wa jiki ƙarfin jure zafi, mai ciwon kuwa ba lalle ya ce yana jin ƙishirwa ba. Zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Gumel ba sai mun gaya muku ba. A kai masa ruwa ko bai nema ba.

Na uku, kaɗaici, shi ne kuwa mafi muni. A Ingila waɗansu masana biyu, John Wing da George Brown, sun bi marasa lafiya a manyan asibitoci uku shekara da shekaru, suka fitar da sakamakon a 1970. Suka ga waɗanda suka fi daɗewa zaune ba aikin kome, ba baƙo, ba ko kayan kansu, su ne suka fi yin shiru da janye jiki. Inda aka ba su aiki aka riƙa hulɗa da su, maganar waɗansu ta farfaɗo. Ɗakin ƙurya da mu ke rufe tsofaffinmu a ciki, da kwanon tuwo a bakin ƙofa, irin aikin da waɗancan asibitoci suka yi shi ya ke yi.

A kuma rarrabe da abu biyu. Gigin tsufa da tsufa ya ke farawa, mantuwa ce kan gaba, mutum ya manta hanyar gidansa da sunan jikansa. Ruɗewar farat ɗaya kuma, wadda ke zuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon fitsari ko rashin ruwa a jiki. Wannan ta gaggawa ce. In tsohonku mai taɓin hankali ya sauya ba zato, kada ku ce ciwonsa ne ya tashi, ku kai shi a auna jikinsa ran nan.

INA MAHUKUNTA?

To, jama'a, yanzu mun zo kan siyasa, gama maganar nan siyasa ce. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan ajiye masu taɓin hankali a Kalaba a 1904, da na Yaba a Ikko a 1907, suka yi doka a 1916 wadda manufarta tsarewa ce. A Arewa kuwa gidajen yarin En'e ne suka riƙa ajiye su tare da ɓarayi. Aka sabunta dokar a 1958. Muka sami mulkin kai a 1960, gwamnatoci na farar hula da na soja suka zo suka wuce, dokar Turawa tana nan daram. Sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta amince cewa mai ciwon yana da haƙƙi kamar kowa, ta kuma yi umurni a kafa sashe a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusu na musamman. Shekara sittin da 'yan kai ke nan bayan an sauke tutar Ingila. Doka ta yi kyau a takarda. Tambayarmu ita ce, yaushe za ta iso ɗakin ƙurya a Sule Tankarkar?

Kada wani ya ce ba a san hanya ba. Ɗan ƙasar nan ne ya nuna wa duniya ita. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai a saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, da rana su zo asibiti a yi musu magani, da yamma su koma cikin mutane. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Sunansa ya kai ko'ina, har ya zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2020 kuma Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ɗakunan shan magani suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini. Marasa lafiyar da aka yi wa haka sun fi samun sauƙi.

A 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufa cewa a sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ɗakunan shan magani na karkara. Yaron da aka haifa a shekarar nan yau magidanci ne. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane irin wannan ciwo da yin maganinsa, ga shi kuwa likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don lafiya a matakin farko. Manufa akwai, doka akwai, asusu akwai. To, me ya hana?

Talakan ƙasar Gumel da ke neman asibitin da aka keɓe don wannan ciwo, Kazaure ya ke dosa, ko Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga Gumel zuwa Kano wajen mil 75 ne, ban da tafiyar da mutumin ƙauye zai yi kafin ya fito titi. Tsoho ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan rakiya, kuɗin mota biyu ke nan, ga wunin gona ya tafi. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kowa ya san inda kuɗin mota ya kai. Iyali su yi zuwa ɗaya, su yi na biyu, na uku ya gagara, magani ya yanke. In ciwo ya tashi sai a koma ga mari da turu. Kun tuna a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, bayan 'yan makonni aka sami irinsa a Daura. Muna ƙin wannan aiki ƙwarai. Amma wanda ya rufe gidan mari bai buɗe ɗakin magani kusa da talaka ba, rabin aiki ya yi.

ABIN DA KO WANE GIDA ZAI IYA YI TUN YAU

Kafin mahukunta su farka, ga abin da ba ya bukatar ko kwabo. In za ka yi wa tsohonka magana, zauna gabansa ya ga fuskarka, a kashe rediyo, a kori hayaniyar yara. Kira shi da sunan girman da ya saba ji. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, gajeruwa. Kada ka ce, "Yaya jikin?" gama amsar "Da sauƙi" ce kullum. Ka ce, "Ƙafar nan tana ciwo?" kana nuna ta. In ka tambaya, ka jira. Jiran nan shi ne rabin maganin, kada ka amsa masa, kada ka tashi. Mai tsinkakkiyar magana kuwa kada a yi mata dariya, kada a yi gardama da ita. A kamo kalmar da ta dace a mayar da ita kan hanya a hankali: "Iya, kin ce kuɗin furar nawa?"

A daina gori da tsawa. George Brown ɗin nan da abokan aikinsa sun nuna cewa ciwon ya fi saurin dawowa a gidan da a ke yawan sukar mai shi. A duba jikinsa ran Juma'a in an yi wanka: ƙafa, baki, fata, ko ya rame. A ba shi aikin da ya saba tun yana da ƙarfi, ɓarar gyaɗa ko tufkar igiya ko ba awaki dusa. Tsohuwa a ba ta tsintar wake ko kaɗi. A ci abinci tare da shi, a riƙe hannunsa zuwa masallaci. In za a je asibiti, wanda ya fi sanin halinsa ya raka shi, ya tafi da kwalayen magungunan duka, ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Mu kuma tuna da masu jinyar, waɗanda yawancinsu mata ne, waɗansu ma sun tsufa su kansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a riƙa karɓarsu.

BUKATUNMU

Kwamiti ya amince mu miƙa waɗannan ga shugabannin ƙananan hukumomi huɗu, da wakilanmu a Majalisar Dokoki ta Dutse, da Majalisar Masarautar Gumel. Tun ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su kai tsaye. Saboda haka mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Na ɗaya, a bi ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa a san yawan waɗannan tsofaffi, cikin sirri, ba tare da tozarta gida ba.

Na biyu, a ko wace gunduma a koya wa aƙalla ma'aikaci ɗaya na ɗakin shan magani wannan aiki, a kuma tabbatar da ƙwararren ma'aikacin jinya a Babban Asibitin Gumel wanda zai riƙa zagaya su wata wata.

Na uku, a ajiye magungunan a ɗakunan shan magani, har da allurar da a ke yi sau ɗaya cikin 'yan makonni, a ba tsofaffi kyauta, a riƙa auna musu jini da sukari da kunne da ido a zama ɗaya.

Na huɗu, a 2007 Jihar Jigawa ta fara biyan naƙasassu alawus na wata. Naƙasar da ba a gani da ido ita ma naƙasa ce, a sa waɗannan tsofaffi cikin ko wane irin tallafi, a ba amintaccen waliyyi ya karɓar musu.

Na biyar, a zauna da malamai da masu maganin gargajiya a yi yarjejeniya: addu'a ta ci gaba, mari da turu da duka su ƙare, ma'aikacin lafiya ya sami izinin shiga.

Na shida, alƙalai da masu sarauta su sa ido kan gonaki da gadon marasa hankali, kada a sayar ko a raba sai da waliyyi da shaidu.

Mu ma ba za mu tsaya kan roƙo kaɗai ba. Ko wane reshe zai zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su riƙa gaida irin waɗannan gidaje mako mako, ba tare da tambayar wace jam'iyya maigidan ke bi ba. Sakatarorin rassa su kawo mana rahoto a taro mai zuwa, ba da sunaye ba, da adadi.

'Yan'uwa, tun 1950 da su Malam Aminu Kano suka ɗaga muryar talaka a Arewa, abin da a ke nema shi ne wanda ba a jin maganarsa a ji ta. To, ga talakan talakawa, wanda ko bakin kuka ba shi da shi. Ba wanda ya san yadda tsufansa zai zo, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In kun koma gida yau, kowa ya leƙa ɗakin ƙuryar unguwarsu, ya yi sallama, ya zauna, ya jira amsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Wassalam.